Azumin da Na Rufe Bakin Haru

Azumin bana ya zo da zafi, ko kuwa tsufa ne ya sa nake jinsa haka. Da hantsi nakan jawo tabarma ƙofar gida a nan Zawaciki, don ɗaki ba ya zaunuwa in an ɗauke wuta. Tsallaken layi ana yi wa wani bene dakin, wato zubin rufin kankare, leburori sun fi goma suna miƙa wa juna kwanon kankare. Kwana uku ina kallonsu. Ba mai ce wa wani uffan, kowa ya toshe kunne yana jin waƙar waya, kwano ya iso mutum bai shirya ba, rabin kankaren a ƙasa. Jiya har na buɗe baki zan ce su sami mai ba su waƙa su riƙa amshi, sai na tuna ko ni wane ne, na ja bakina na yi shiru. Ni da na taɓa rufe bakin mai ba da waƙa ba ni da ta cewa.

A wani kamfanin fata a Challawa na ƙarar da ƙarfina. Na baro ƙauyenmu a ƙasar Ringim ina saurayi, bayan farin da ya cinye mana shanun noma. Na yi dako a Bompai, na yi lodi a Sharada, kafin wani ɗan garinmu ya yi mini hanya a can. Duk inda na je don abu ɗaya ake ɗaukata, ƙarfi. Buhun da mutum biyu ke kokawa da shi ni kaɗai nake saɓawa, shi ya sa aka sa mini Gingimari, har sunana na yanka, Garba, ya kusa ɓata. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin sunan.

Aikinmu a bakin rami yake. Ƙiraga, wato fatun shanu, ana jiƙa su kwanaki a rami mai zurfi cike da ruwan farar ƙasa da magani har gashin ya saki, mu kuma mu fito da su. Ƙirgin babban sa in ya sha ruwa ya kumbura, ga santsi ga nauyi, mutum ɗaya ba ya iya masa. Mutum huɗu ke tsayawa, kowa da doguwar ƙugiya, a saƙala a gefen fatar, a ja tare. Wannan taren shi ne aikin gaba ɗaya. In ɗaya ya riga saura, ƙugiyarsa ta yaga fatar, fatar da ta yage kuwa ta tashi daga kayan da ake kaiwa waje. In ɗaya ya makara, nauyin ya koma kan ƙugun 'yan'uwansa.

Rami biyu ne, ƙungiya biyu, ta su Tanko da tamu. A tamu akwai Baba Ɗanjuma, tsohon majemi daga cikin birni, shi ne babbanmu. Akwai Isyaku mutumin Rano, mai dariya ko a gidan makoki. Akwai ni. Sai Haru. Haruna sunansa, mutumin Damagaram ne, muna ce masa Faransa kamar yadda ake ce wa mutanen can. Siriri ne, in ya tuɓe riga za ka ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Gefen wutsiya yake kamawa, can baya, inda ba nauyin kirki. Abin da Allah Ya ba shi murya ce. Shi ke ba da waƙa, mu mu amsa, a kan amshin ake ja.

Saniya ta kwana a ruwa.
Ja ta.
Ta ce sanyi ya yi mata daɗi.
Ja ta.
Ga helma can da hular kwano.
Ja ta.

Nan take yake ƙirƙira, kuma ba wanda ya tsira. Ya sa mai furar bakin get, ya sa tumbin manaja, ya sa budurwar da ta ƙi Isyaku, Isyakun na amshi yana dariya har ƙugiya na neman suɓuce masa. Ƙirgi ya taso daga rami sumul, ya kwanta a siminti, a koma wa na gaba. Su Tanko suna da nasu mai ƙirga ɗaya, biyu, uku, amma ba su taɓa kamo mu ba.

To, ni nake ɗaukar rabin nauyin kowane ƙirgi. Wannan ba cika baki ba ne, Baba Ɗanjuma ya sha faɗa da bakinsa. Amma in masu aikin inji sun sami sarari sun leƙo, ba ni suke zuwa kallo ba. In baƙi sun zo, manaja ya kawo su raminmu ya nuna musu Haru. Ramin ma sunansa ya koma ramin Faransa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A shekarar da nake ba da labari, shekarata ta shida a bakin ramin, 'yan makonni kafin azumi, aka yi wasan ma'aikatan kamfanoni a wani fili a Bompai. An yi ƙwallo, an yi tsere, mu aka sa mu a jan igiya. Mu goma ne, ni a ƙarshe na ɗaura igiyar a ƙugu. Haru ko taɓa ta bai yi ba, gefe ya tsaya yana ba da waƙa. Muka kayar da 'yan Sharada, muka zo karon ƙarshe da ƙartin wani kamfanin ƙarfe, kowannensu ya kusa kamo ni a jiki. Su kowa na ja da ƙarfinsa, mu muna ja a kan amshi, sai ga su suna zubewa a gabanmu. Igiyar ta sale mini fatar ƙugu, mako biyu ban iya ɗaure wando sosai ba. Ana busa usur fili ya ɗauka, Faransa, Faransa. Aka ce a ɗaga shi sama. Wa zai ɗaga shi in ba Gingimari ba? A wuyana ya zaga filin nan yana ɗaga kofi, ni ina ƙasa ba wanda ya ga ko fuskata, ƙafafunsa masu kaushi na dukan ƙirjina.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya a gida na same shi. Muna haya a Panshekara, ɗaki ɗaya a gidan mutum bakwai. Wata rana na dawo na tarar da matata Talatu suna lugude da matar maƙwabci, tana cewa saniya ta kwana a ruwa, ɗayar na amsa mata, taɓare na sauka daidai kan amshin. Na kira ta ɗaki na ce wannan wace irin waƙar banza ce a gidan aure, kuma a ina ta samo ta.

Ta dube ni ta ce, "Malam, ai a bakinka na ji. Kullum in kana wanka ita kake yi."

Ranar tuwo bai yi mini daɗi ba.

Sai azumi ya kama a ƙarshen bazara, damina ta ƙi sauka. Lokacin tsuke bakin aljihu ne. Sabulu, sukari, madara, shinkafa, duk sai an bi layi, wani zubin ka kai gaba a ce ya ƙare. Gero ya yi tsada saboda farin bara. Famfon unguwa ya daɗe da kafewa, sai rijiyar bayan masallaci, ita ma guga na tahowa da laka. Sahur ɗinmu ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, a kora da ruwan randa har ciki ya yi ƙara. In an idar da asuba in ɗauki garwa biyu in cika wa Talatu randa, in kama hanyar Challawa a ƙasa. Tun kafin rana ta fito iska ta riga ta yi ɗumi. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mutane su fito suna kallo, sai guguwa ta zo ta watsa shi ta bar mu da yashi a haƙora.

A rumfar rami kuwa ba a magana. Rufin kwano ne, da hantsi ya yi sai ya riƙa sauko mana da wuta. Warin jima da muka saba da shi har ba ma ji, da azumi sai ya dawo sabo, ya shiga cikin da ba komai ya juya shi. Takalmin roba ya cika da gumi, kana tafiya yana ƙara. Safar hannu ta ƙare a sito ba a kawo wata ba, ruwan farar ƙasa ya cinye mana tsakanin yatsu, in ka zo alwala sai ka cije leɓe. Mafi wuya ƙishirwa. Ka wuni a tsaye a kan ruwa, ruwa a gabanka, ruwa na fallatsa maka a fuska, maƙogwaronka a bushe. In an tashi azahar mu tuɓe riguna mu jiƙa a tiyo mu mayar, kafin a yi sallama sun bushe. Buɗa baki kunun tsamiya ne da ƙosai uku uku, ranar da aka samu. Ƙanƙara sai dai mu gani a hannun direbobin manyan motoci. Yanzu jikokina in ba ta a kofi sai su ce ba su sha ruwa ba.

Ranar uku ga azumi helma Audu, shugaban leburori, ya tara mu mu takwas. Ya ce maganin jima ba ya shigowa daga waje, kamfani zai rufe rami ɗaya bayan salla. Ƙungiyar da ta fi fito da ƙiraga lafiyayyu a wannan wata ita za ta zauna, ɗayar a sallame ta. Baba Ɗanjuma baki tara yake ciyarwa. Isyaku an sa masa ranar aure bayan salla, da wata ba wadda ta ƙi shi ba. Haru kuwa nasa ya fi na kowa, don a lokacin ana korar baƙi marasa takarda, katin kamfani shi ne takardarsa, garinsu kuma fari ya kore mutane.

Da helma ya juya baya Isyaku ya yi dariya ya ce, "Su Tanko su fara haɗa kayansu. Ai mu muna da Faransa."

Wannan kalma ce ta ƙarasa ni. Bai ce muna da Gingimari ba. Na kwana ina juya ta, na tashi da ita. Na ga in muka ci, Faransa ne ya ci, ni kuwa in sake zama jakin da za a hau a zaga fili. Hassada ba ta zuwa da sunanta, ni da rigar addini ta zo mini.

Akwai Malam Sule mai kula da sito, shi ke ba mu salla a ɗan masallacin kamfani, da azumi kuma yakan ɗan yi karatu bayan azahar, a yi tambayoyi. Ranar biyar ga wata masallaci ya cika har waje. Na gyara murya, ni da ban taɓa tambayar ko farillan alwala ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin mutumin da ya ɗauki azumi, ya wuni yana waƙa, har da zambo da ambaton mata, yana sa wasu suna amsa masa?"

Malam Sule mutumin kirki ne, bai san dawan garin ba. Ya ce, "Azuminsa bai karye ba. Amma an so mai azumi ya kame bakinsa daga zancen banza, kada ya tashi da yunwa da ƙishirwa kawai."

Ban ambaci suna ba, ba sai na ambata ba. Wuyan kowa ya juya sahun baya inda Haru yake. Wani ma ya yi 'yar dariya ya ce su mutanen Faransa ai sai a hankali. Ba abin da mutanen can suka ƙi jini irin a yi musu kallon jahilai a Kano. Haru bai ɗago kai ba. Da aka shafa fatiha ya ɗauki takalminsa ya fita.

Muka koma bakin rami, muka saƙala ƙugiyoyi, muka jira. Shiru. Isyaku ya waiga ya ce, "Faransa, muna jiranka." Haru ya ce azumi yake yi. Baba Ɗanjuma ya dube ni, kallon da har yau in na rufe ido ina ganinsa, sannan ya ce to, shi zai ƙirga.

Ƙirgen Baba bai yi ba. Dattijo ne, ga azumi, kafin ya kai uku numfashinsa ya ƙare. Ni kuwa na ga ranar da nake jira ta zo, yau za a san wa ke fito da ƙirgi. Tun bai rufe baki ba nake fizga. Na farko ya fito a karkace. Na biyu ƙugiyata ta tsaga shi daga wuya har kafaɗa. Kafin a tashi mun yaga huɗu, mu da mukan yi mako ba mu yaga ɗaya ba. Na ce laifinsu ne, ba su da ƙarfi, ni kaɗai suke bari da kaya. Kuma ƙiragan sun yi wani irin nauyi da ban san su da shi ba, na ce azumi ne.

Bayan kwana biyu Isyaku ya kawo shawara. Ya ce tunda waƙa ce ba a so, Haru ya riƙa ba da salati ko hailala muna amsawa, ga aiki ga lada. Na ga fuskar Baba ta saki. Gabana ya faɗi, don na hango abin da zai biyo baya, gobe a ce ramin Faransa ya zama ramin zikiri, har Malam Sule ya zo kallo.

Na ce, "A bakin wannan ramin? Inda fata ke ruɓewa, muna tsaye cikin najasa, nan za a riƙa ambaton sunan Allah?"

Haru ya ce, "Gaskiyar Garba ne. Bai dace ba."

Shi kaɗai ne a kamfanin ke kirana Garba ban da Baba. Ko wannan ma haushi yake ba ni, ina ganin ƙin yarda ne da ƙarfina.

Haka muka ci goman farko, muka shiga ta tsakiya. Zafi na ƙaruwa, ana ta fita roƙon ruwa. A gidanmu aka koma auna ruwan wanka da kwanon sha. Talatu ta rame, ƙuraje suka feso wa 'yarmu a wuya, ba ta barci sai ana yi mata fifita. A rami kuma kullum tarin yagaggu na gefenmu na tashi, na su Tanko na nan yadda yake. Isyaku ya daina dariya. Wata rana na fizga da wuri, nauyi ya kwashe Baba ya durƙusa a bakin rami, saura kaɗan ya faɗa ciki, Haru ne ya riƙo rigarsa. Masu aikin inji suka daina leƙowa. Ba a zuwa kallon Haru, amma ni ma ba a zo kallona ba.

Ranar wata Alhamis da muka tashi, Baba ya tsayar da ni a ƙarƙashin dalbejiyar bakin get. Leɓɓansa sun tsage, da ƙyar maganar ke fita.

Ya ce, "Garba, na haife ka, don haka zan gaya maka. Tambayar nan da ka yi, ba don Allah ka yi ta ba."

Na ce, "Baba, ai ku ma kun ji abin da Malam ya ce."

"Na ji. Na kuma ji ya ce azumin bai karye ba, wannan rabin ka baro shi a masallaci. Ni na roƙi yaron nan, Isyaku ya roƙe shi, har Malam Sulen ya same shi ya ce waƙar aiki ba komai in an cire zambo. Yaron ya ce shi a gaban jama'a aka ce ya yi laifi, sai wanda ya ga laifin ya ce babu. Kalma ɗaya ce a bakinka. Tuwon gida huɗu na kanta, har da naka."

Na ce to, in Allah Ya kai mu Asabar zan yi masa magana.

Asabar ta zo ta wuce. Kullum in na fito daga gida da niyyar nake fitowa, in na isa na ga ƙeyarsa sai maganar ta maƙale. Abin da nake gani shi ne, in ya dawo da waƙa muka kamo su Tanko, an gama, an tabbatar wa duniya cewa ba ni ba ne, shi ne. Na gwammace in ƙara ƙarfi. Na riƙa riga kowa zuwa, in ana hutawa ni ina jan ƙananan fatu ni kaɗai, in koma gida ƙuguna kamar an sassara shi. Talatu na gasa mini baya da tsumma ta ce, "Malam, kwana biyu ba na jin waƙar nan taka a banɗaki." Na ce mata azumi ake yi.

Ruwa ya sauka ranar ashirin da huɗu, ana dab da la'asar. Iska ta fara kaɗa kwanon rumfa, gari ya yi duhu, sai ƙamshin ƙasa ya danne warin jima, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. Kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya fita tsakar kamfani. Manya da gemu suna tsaye a ruwa, an ɗaga fuska sama an damƙe baki gam kada ɗigo ya shiga. Na ji sanyi ya ratsa ni har ƙashi, zuciyata ta yi laushi. Na hango Haru can gefe, rigarsa ta manne da haƙarƙari, yana kallon arewa. Na ce yanzu zan je in ce masa ya yafe ni, saura kwana biyar na aiki, ko ba mu kamo su ba a ce mun gwada. Na tako har na kusa taɓa kafaɗarsa. Sai wani daga cikin masu inji ya ɗaga murya ya ce Faransa ya ba su waƙar ruwa, saura suka ɗauka, suka kewaye shi suna tafi, suna roƙonsa. Bai yi ba, murmushi kawai ya yi yana girgiza kai. Amma ni na ga yadda suke kallonsa. Mako uku bakinsa a rufe, ni ina karya ƙuguna, kuma har yanzu shi ake kira. Na juya na koma rumfa.

Aka ga wata, aka yi salla. Ranar da aka koma aiki helma Audu ya sake tara mu, ya ce ba sai ya faɗa ba, su Tanko ne suka zauna. Sannan ya ce akwai ɗaya a cikinsu da ciwon ƙirji ya kwantar, manaja ya ce a cike gurbinsa da Gingimari daga ranar Litinin, don irin wannan ƙarfin ba a bari ya tafi. Baba Ɗanjuma, Isyaku da Haru su miƙa katinsu a ofis.

Zan faɗi gaskiya tunda na tsufa. Daɗi na ji. A gaban kowa an kira sunana ni kaɗai, an ce ni ne ba a iya rabuwa da ni. Daɗin bai kai bakin get ba, amma na ji shi. Baba ya wuce ni ya nufi ofis. Isyaku ya ce Allah Ya sanya alheri, bai dube ni ba. Daga baya na ji an ɗaga aurensa.

Bayan kwana biyu, da hantsin Lahadi, aka yi sallama da ni a ƙofar gida. Na fito na ga Haru da ƙunshin kayansa a ka, zai wuce tasha. Na zaci faɗa ya kawo, har na shirya abin da zan ce. Ya sauke kayan muka tsuguna a gindin katanga, Talatu ta aiko da ruwa ya sha. Ya ce tunda ruwa ya sauka zai je ya ga ko za a sami abin shukawa. Can ya ce akwai saƙon da ya zo ya ba ni.

"Gobe in ka je wurin su Tanko, ka gaya wa mai yi musu ƙirge ya daina kallon fata, ya riƙa kallon dugaduganka. Ta hagu. Sai ka dasa ta kake ja, ba ka taɓa saɓawa ba. Kuma bayan ja uku kana neman numfashi ɗaya, ya ja maganarsa a nan ya jira ka. In ba haka ba za ka riƙa riga su, ka ji wa kanka ciwo."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Garba, kai ne mai ƙarfin, ai dole kowa ya ja lokacin da za ka ja. Su Baba suna gefenka, ba sa ganin ƙafarka. Ni da nake baya nake gani, sai in gaya musu. Waƙar ke nan. Ran igiya ma ita nake kallo."

"Shekara shida?"

"Tun ranar da aka kawo ka. Kafin ka zo ni ma ƙirge nake yi."

Na ce me ya hana shi gaya mini. Ya ce ya zaci na sani. Ya miƙe, na taya shi ɗora kayan, ba su da wani nauyi. Ya ce a yafi juna, na ce a yafi juna, ya bi layi ya tafi. Ban sake ganinsa ba, ban kuma sami wanda ya san inda ya ƙare ba. Ina tsaye a wurin, abin da ya fara zo mini ba nadama ba ce, ita daga baya ta zo ta zauna. Wani sabon kishi ne, wai wannan siririn ya san ƙafata, ni da nake takawa da ita ban san ta ba.

Litinin na tsaya a ramin su Tanko. Mai ƙirgensu Ɗanlami ya gyara tsayuwa, idonsa a kan fata. Saƙon na bakina. In na faɗa, sai na faɗi wanda ya aiko, sai kuma a tambaye ni me ya sa ya daina, don haka na haɗiye shi, kuma ban taɓa faɗa ba har shekara huɗun da na ƙara kafin ƙugu ya ajiye ni. Ɗanlami ya ce ɗaya. Na sunkuya na dubi ƙafata ta hagu, na ga ta riga ta dasu, ba wanda ya gani. Na jira shi ya kai uku muka ja, ƙirgin ya taso da ƙyar yana turjewa. Wata guda ina ɗora wa azumi laifin nauyin nan. Ga shi na karya da fura, na sha ruwa na ƙoshi, gari ya yi sanyi, ina tsakanin ƙarti uku da kowannensu ya fi Baba da Isyaku ƙarfi, nauyin kuma yana nan inda yake. Shekara shida ina fito da ƙirgi daga rami, sai ranar na san nauyinsa.